Wankan Galon Baushe

Duk ƙauyensu, kusa da Filinge, an san abin da giya ta yi wa gidan Ɗangoma. Shi Ɗangoma a gefen hanyar kasuwa aka tsinci gawarsa. Ƙanensa Manzo ya bi shi, ciki a kumbure. Shi ya sa Baushe, ɗan Ɗangoma, ya tashi ko ƙwaryar da aka sha burkutu da ita ba ya taɓawa. Yayarsa Tambara, wadda ta rene shi, ita ta raka shi tasha ranar da ya tafi aikin soja, lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa.

Ya yi aikinsa lafiya har aka ba shi galon kafaran, wato igiyar kofur. A barikinsu kuwa al'ada ce, wanda ya sami ƙarin girma sai an wanke masa galo da giya. Babbansu, Ajidan Tahiru, shi ya cika kofi da hannunsa ya miƙa masa.

"Ajidan, a yi mini afuwa," in ji Baushe. "Ita ta kashe ubana da ƙanen ubana. Gidanmu ba ta yi muna da kyau."

"Ubanka manomi ne, kai soji ne," in ji Tahiru. "Ko mace anka ba mu? Sha, umurni ne."

Aka yi dariya. Baushe ya sha.

Sauran da suka sha tare da shi, washegari suka koma aiki, sai dai ciwon kai. Shi ko ciwon kan bai yi ba. Wani irin sanyi ya ji a ransa wanda bai taɓa ji ba, kuma tun daga ranar jikinsa ya shiga neman sa. Cikin ƴan shekaru ya zama sai ya sha hannunsa ke daina rawa. Ranar da aka same shi a buge bakin ƙofar da yake gadi, Tahirun nan ne ya tsuge masa galo a gaban jama'a, ya kira shi abin kunya, aka kore shi.

Tambara ta kai shi wurin masu bori, ta kai shi wurin malamai, daga baya ta kai shi asibiti a Yamai. Lokotoron da ya duba shi ya tambayi tarihin gidansu, sannan ya ce mata, "Giya ba ta kama kowa daidai. Akwai waɗanda ke gadon wata irin ƙwaƙwalwa, in giya ta shiga, daɗin da take ji ya fi na sauran mutane, kuma wurin da ke cewa ya isa ba shi da ƙarfi. Ba dole ba ne ɗan mashayi ya zama mashayi, amma irinsu gara kada su fara."

"Ai ya faɗa masu," in ji Tambara. "Da bakinsa ya faɗa masu."

Ta dawo da shi gida, ta ba shi gona ta nesa da gari. Wani lokaci ya daɗe bai sha ba, wani lokaci ya faɗi, ta ɗauko shi.

Da mulkin soja ya wuce aka buɗe siyasa, wata ranar kasuwar Filinge sai ga Tahiru bisa mota, ya yi ritaya, ya zama Alhaji, yana yi wa jam'iyyarsa kamfe. Yana cewa mashaya da malalata su suka kashe ƙasa. Tambara ta bar buhun hatsinta, ta ratsa taron har gindin motar.

"Alhaji, ni ce yayar Baushe ɗan Ɗangoma, wanda ka ba kofi da hannunka."

Ya dube ta daga sama. "Baiwar Allah, sojin da sunka bi ta hannuna ba su ƙirguwa. In ya sha, duk mun sha. Mi ya sa mu ba mu lalace ba? Raunin zuciyarsa ne."

"Ya gaya maka abin da ke gidansu, ka ce umurni ne. Yaushe kafaran ya taɓa ƙin umurnin ajidan?"

Ƴan jam'iyya suka janye ta, wata ta tura mata turmin atamfa mai hoton ɗan takara tana cewa ta yi haƙuri. Ta sake shi ya faɗi ƙasa. Mai ganga ya ci gaba da kiɗa.

Da la'asar ta iske Baushe a gona yana noma, ta ba shi labari. Ya jingina da hauyarsa yana saurare.

"Yaya, ya gane ni?"

"Ko sunanka bai tuna ba."

Baushe ya ajiye hauyar. Sannan ya ce mata ranar kasuwa mai zuwa ta kulle shi a ɗaki, don yana jin abin yana taso masa.