Goron Ɗan Azumi

"Mushe, kama ƙafafunshi, ni in ɗauki kai!" in ji Musa. Ku kuwa mutanen Madarumfa kuna tsaye a inuwa, ba wanda ya sa hannu. Na gan ku. Tun da Ɗan Azumi ya kwanta ciwo kuke wuce ƙofarsa kuna kau da kai, alhali babu ɗayanku da aka yi wa aure ko suna ba da kalangunsa ba. Makaɗi ne, kuka ce, gaisuwa daga nesa ta ishe shi.

Ni maƙwabcinsa ne, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, wato malam da Faransanci. Abu ɗaya yake roƙo, a kai shi ya ga tafki kafin ya mutu. Masu jakuna kullum sai su ce gobe. Ran nan sai ga Musa, ɗan unguwarmu mai tuƙa wa wani Bature ɗan kasuwar gyaɗa a Maraɗi, an aiko shi sayen kifi cikin wata jar motar tsere, gajera, marar rufi, kujera biyu rak. Na roƙe shi ya kai tsohon, ya yarda.

Hajara, ɗiyar tsohon, ta tare ƙofa. "Musa, ka ji tsoron Allah! Motar da ko rumfa ba ta da? Rana ta kashe mini baba!"

"Ke, sai dai ranar ta yi sauri," in ji tsohon. "Akwai wanda ya riga ta."

Da muka kai shi bakin mota sai ya turje. "Makaɗi ba shi zama gaba. A baya muke bi, da ƙasa."

"Baba, wagga ba ta da baya," in ji Musa.

Haka ya zauna a kujerar Bature. Ni na ɗare kan murfin baya ina dafe masa hula. Muna fita gari Musa ya murɗa radiyo, sai ga goge da kalangu daga wata tashar Najeriya. Tsohon ya zabura, ya duƙa wajen akwatin.

"Sannunku da aiki! Yaran wa ne ku?"

"Ba su jin ka, Baba."

"Ba su ji? To makaɗan ƙwarai ne."

Iska na kaɗa masa gemu, yatsunsa na bugun ƙofar mota. "Mai kalangun ga yunwa shike ji, sauri shike yi shi tahi gida. Amma mai gogen, uwarshi ta haihu!" Musa ya ƙara wuta, awaki suka watse, tsohon ya yi ihu kamar ango. Can sai ya waiwayo ni.

"Mushe, wa suke ma kiɗin ga?"

"Kai, Baba. Wa ke zaune gaba?"

"Ni?" Ya jinjina kai. "Tun ban yi wayo ba nike ma mutane kiɗi a tsaye. Ban taɓa zama an yi mini ba."

A bakin tafki masunta suka bar taru suka zo kallo. Bai sauka ba. Ya dubi ruwan har ya ƙoshi, gogen na tashi. Da waƙar ta ƙare ya laluba aljihu, ya ciro goro fari guda, ya ɗora kan radiyon.

"Ba a jin kiɗi a tashi hannu banza. A ba yaran."

Ya rasu ran Jumma'a da hantsi, Hajara na ba shi kunu, yana ba ta labarin awakin. Kun zo jana'iza, na yarda, har kuka cika layi. To Jummai zabiya, wadda ta yi masa amshi tun suna matasa, tana nan kwance bayan kasuwa. Kada ku ce gobe. Ku shiga ɗakin, ku zauna.

Jiya Musa ya sake zuwa sayen kifi. Na leƙa motar. Goron na nan inda tsohon ya ajiye shi, ya bushe, ya yi ja. Musa ya tokare shi da ɗan tsinke don kada ya gangara.