Kwanonin Hadizatu

Saura kwana uku Babbar Sallah, shekara ta uku da samun 'yancin kai, Mijinyawa ya yi sallama a gidan Ladidi kamar baƙo. Nan ta fara jin wani abu bai zauna daidai ba.

Taubasai ne su, uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito. Tun suna yara a Dakoro bai taɓa shiga gidanta da ladabi ba. Daga bakin ƙofa yake ɗaga murya: "Ina Mai-ƙona-tuwo? Unguwar ga duk ƙauri!" Ita kuma ta amsa daga madafa: "Ku ɓoye nama, ga Ɓarawon-hanta nan!" Sunan ba banza ya same shi ba. Shi ne gwanin gashin Layya na unguwar. Shi ke banƙare raguna a itace, ya jera su kewaye da wuta, ya yini yana juyi, kuma duk ragon da ya bi ta hannunsa sai hantarsa ta yi giɓi.

Yau kuwa sai ya tsuguna, ya ajiye wani ƙunshi a gabanta.

"Ladidi, ina kwana? Ina gida?"

"Lahiya lau," ta ce, tana jiran zagin da bai zo ba.

Ya kwance ƙunshin. Kwanonin matarsa ne, Hadizatu, wadda ta rasu a damina. Guda goma sha biyu, masu fure, kowane da marfinsa.

"Ki riƙe su, ke kin san darajassu. Kuma in na taɓa ɓata miki rai, ki gahirce ni."

"Kai, Ɓarawon-hanta, Sallar ma ba ta zo ba, ka fara neman gafara? Ko tsoro kake layi ya yi tsawo?"

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya tashi ya fita.

Da hantsi ta je rijiya, ta tarar labarinsa ake yi, ana dariya. Cindo, abokinsa na bayan katanga, ya samu wuƙaƙensa da itatuwan gashi. Elhaji Na'Allah ya samu jakinsa. Ragon da ya yi wata shida yana ba dusa, ya ja shi ya kai wa liman. Uwale matar Cindo ta ce, "Wallahi bana Mijinyawa ya zama na Allah! Gida-gida ya bi yana neman gafara."

Mutane kenan. In an miƙo musu kyauta, hannun suke kallo, ba su ɗaga kai su ga fuskar. Kuma da yake kwanakin Sallah ne, da kyauta da neman gafara duk sun yi kama da lada.

Ladidi ta tsaya da guga a hannu. Gwanin gashi ya rabu da itatuwan gashi ana jibi-jibi Layya? Ta bar tulunta nan bakin rijiya, ta nufi gidansa, zane na harɗe mata ƙafa.

Ta same shi zaune a gindin ƙirya, tsakar gida a share tas, murhu babu ko toka mai ɗumi. Ba ta yi sallama ba. Ta zauna a kan tabarmarsa, har ta ture shi kaɗan.

"Tahiya za ka yi?"

"A'a."

"To mi ya sa ka raba kayanka kamar gado?"

Ya ɗauki tsinke ya shiga jan layi a ƙasa. Maganar da ke bakinta ba irin wadda ake furtawa ba ce. Amma taubashiya ce, abin da ya fi ƙarfin bakin kowa nata bakin yana iya ɗauka.

"Mijinyawa, dube ni. So kake ka kashe kanka?"

Tsinken ya tsaya. Ya ce, "Na yi tunanin hakan."

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kawo masa wa'azi ba. Ya san duk abin da malamai suka faɗa, ya ma fi ta sani. Cewa ta yi, "Gaya mini."

Ya gaya mata. Shekara talatin, in ya gama gashi da la'asar, yakan naɗo 'yar hanta a takarda ya sa a aljihu, Hadizatu na zaune nan bakin ɗaki tana jira, ta ce, "Yau kuma ta wa aka sato?" Bana wa zai kawo wa? Ɗiyarsu ɗaya, Saratu, tana aure a Kornaka. Barci ya ƙaurace masa, abinci kamar yashi. Kuma tun da aka yi sadakar arba'in aka naɗe tabarmi, ba wanda ya sake zama a gidan nan.

Wannan ta soki Ladidi, don har da ita a ciki.

"Gaskiyakka," ta ce. "Mun yi laihi, ni ce ta farko. Amma ka sani yau ba ni tashi daga tabarmar ga sai wani ya canje ni." Ta juya ta kwarma kira ta saman katanga. "Cindo! Zo da tabarmakka da butakka!"

"Ladidi, za ki tona mini asiri?"

"Mutum biyu kaɗai, Cindo da ɗiyakka. Sauran gari su ci gaba da cewa ka zama waliyyi."

Cindo ya shigo yana murna, yana zaton wata kyautar ce. Da ya ji, sai ya zauna daɓas, ya cire hula ya rasa inda zai sa ta. Daga nan ya ce shi dai a gidan nan zai riƙa kwana, da ma Uwale ta gaji da minsharinsa. Wuƙaƙen da Mijinyawa ya ba shi kuwa, can gidansa za su zauna.

Ladidi ta tare mai kamyon, babbar motar da ke zuwa Kornaka, ta ba shi saƙo: Saratu ta zo ta yi Sallah da ubanta, kada ta tsaya kitso. Washegari ita da Cindo suka sa Mijinyawa a tsakiya har gidan likita, can kusa da ofishin kwamanda inda sabuwar tuta ke kaɗawa. Likitan ya saurare shi a natse, ya ba shi magani, ya ce ya dawo bayan Sallah, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Ranar Layya, da aka sauko daga idi aka yi yanka, Mijinyawa ya zauna a inuwa ya ce shi bana kallo zai yi. Cindo ya kama aikin. Ya kafa ragon Elhaji dab da wuta, na Ladidi kuma can nesa kamar an yi faɗa da shi. Kitse ya fara ɗiga, harshen wuta ya tashi.

Mijinyawa ya kau da kai. Ya sake dubawa. Ya yi tsaki.

"Cindo, gashi kake ko gawayi?"

"Haka na ga kana yi."

"Ni? Allah ya kiyaye! Matsa!"

Har yau ba a san ko da gangan Cindo ya yi ba. Uwale ta ce iyakar iyawarsa kenan.

Kamyon Kornaka ya iso da la'asar. Saratu ta sauko da goyo, kai ba kitso, ta sami ubanta cikin hayaƙi yana yi wa Cindo faɗa. Ya juyo ya gan ta. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro 'yar takarda mai maiƙo ya miƙa mata. Ladidi ta leƙa ragonta, ta ga giɓin hanta, karo na farko a rayuwarta ba ta ce masa ɓarawo ba.

Ba a ranar ya warke ba. Akwai kwanakin da ko magana ba ya yi. Saratu ta yi wata guda ta koma, Cindo bai ɗauke tabarmarsa ba. Ladidi kuwa ta ƙi maido kwanonin gaba ɗaya. Kullum da azahar sai ta kai masa tuwo a guda, ta ce gobe da ƙafarsa zai maido shi, in ya ƙi ta zo ta same shi da bakinta.

Kwano na tara ne ya maido, ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba.

"Mai-ƙona-tuwo! Kwanon Hadizatu bai taɓa ganin ƙanzo irin wanga ba!"

Ladidi ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne, sannan ta ɗauko muciya ta yo kansa.