Saurayin da Ya Fita Ba Salka

Shekara biyu da samun 'yancin kai, Mamani mai silima ya iso Dakoro da motarsa da farin ƙyallensa. Yara suka haukace. Amma a unguwar mahauta ba yaron da zai je sai da yardar mai unguwa Abarci, tsohon dillalin raƙuma, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba.

Da ya ji labarin soyayya ne, kuma har da mutuwa a ciki, ya ce a'a.

Matarsa Safi ta ajiye masa fura da ƙarfi. "Malam, jikokinka tara tun jiya ba su ci tuwon kirki ba. Ka hana abin da ba ka gani ba?"

Maganar ta tsaya masa. Bai taɓa yi wa raƙumi kuɗi bai buɗe bakinsa ba. Ya aika wa Mamani cewa zai duba da kansa.

Bayan azahar aka toshe tagogin wata magaza, ɗakin ajiyar hatsi, da buhuna, aka tada inji. Abarci ya zauna bisa buhun gero, Safi na bayansa. Mutanen cikin ƙyallen yarensu daban, Mamani ke fassarawa.

Saurayi ya ga budurwa a bakin rijiya. Suka yi waƙa, suka zagaya itace. Abarci ya yi tsaki. Da saurayin ya kama hannunta, tsohon ya ɗaga sanda, sannan ya sauke. Iyayenta suka yi ƙaura da ita cikin ayari. Saurayin ya haye raƙumi ya bi su.

Abarci ya miƙe tsaye. "Ina salkarshi?"

"Baba, ƙauna ce ta ruɗe shi," in ji Mamani.

"Ƙauna ruwa ce? Wa ya haifi wanga yaro?"

Saurayin ya sauka hutawa bai yi wa raƙumin dabaibayi ba. Gari ya waye, ba raƙumi.

"Na sani!" Abarci ya buga sanda a ƙasa. "Wallahi na sani! Ko ɗan shekara bakwai na ƙauyen Azagor ba ya yin haka."

Ƙishirwa ta kashe saurayin bisa rairayi. Yarinyar ta dawo ta tarar da shi, ta faɗi gefensa ba ta tashi ba. Safi ta jiƙe bakin zanenta da hawaye. Abarci ya daɗe yana gyaran murya.

"Tsoho, kuka kake?" in ji Safi.

"Raƙumin nake tausayi. Ya faɗa hannun wawa."

Da suka fito, jikokin na jere a ƙofar magazar, ba mai motsi. Abarci ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa zai je," ya ce. "Wanda bai je ba, ni da shi. Ku ga ƙarshen mai shiga daji ba ruwa."

Ihu ya tashi har kaji suka watse. Ƙaramarsu, Kyauta, ta rungume ƙafarsa, ya yi kamar bai ji ba.

Mamani ya fara godiya, Abarci ya tare shi.

"Kai ka tsaya wajen injinka. Fassararka ba ta da amfani. Ni zan yi bayani."

"Baba, ka iya yarensu?"

"Na iya raƙumi."