Iskar Rijiyar Bakin Kasuwa

"Ɗauko zuga-zuginka ka biyo ni," in ji Malam Nata'ala, yana dafe da bangon maƙera yana haki.

Barau ya ɗago kai, garma ja-wur a bakin awartaki. "Zuga-zugi? Malam, mi za a ƙera?"

"Gide ne. Ya shiga yasar tsohuwar rijiyar bakin kasuwa, ana kira ya daina amsawa. Kama mini akwatin nan."

Barau bai ga haɗin zuga-zugi da rijiya ba, amma bai saba yi wa maƙwabcinsa musu ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu a Mabai tun da Malam ya dawo daga Inugu, inda ya yi shekara goma sha ɗaya a ramin kwal, cikin masu shiga ceto idan ƙasa ta rufta da mutane. Da abu biyu ya dawo: tari mai baƙin kaki, da wannan akwatin ƙarfe da ba wanda ya taɓa ganin cikinsa.

Sun iske Harisu, ƙanen Gide, yana ɗaura igiya a ƙugu. Malam ya riƙe masa hannu. "In ka shiga, gawa biyu za mu hiddo."

Ya buɗe akwatin, ya ciro wata fitila mai ragar waya, ya kunna ta, ya zura da zare. Jama'a suka leƙa. Wutar ta yi ta ƙanƙancewa, wajen gaba takwas ta mutu, alhali ko ganye ba ya motsi.

"Iska ce a ƙasa," in ji Malam.

Nan take mata suka ja da baya suna salati. Wani dattijo ya ce a kawo turare, wani ya ce dama an san rijiyar da masu ita.

"Ba waccan iskar ba! Ta shaƙa nake nufi, ita ce ta ɓaci."

"To ita wa ya ɓata ta?" in ji dattijon.

Malam ya juya ga akwatin. Ya fito da wata fuskar roba mai idanun gilashi, doguwar mesa na haɗe da bakinta. Ya cusa bakin zuga-zugin a ƙarshen mesar, ya naɗe da igiyar fata.

"Barau, kai ne numfashina. Ka yi ta zuga kamar kana narka ƙarfe. Harisu, riƙe igiya. Na ja ɗaya, ku dakata. Biyu, ku jawo. Uku, ina son ƙarin iska."

"Malam, da tarin nan naku? Bari in shiga," in ji Barau.

"Ka iya ɗaure sumamme cikin duhu?"

Ya sa fuskar, suka zura shi. Barau ya durƙusa yana zuga, dama, hagu, yana jin mesar na motsi a gwiwarsa. Can igiya ta girgiza.

"Biyu ne!" in ji Harisu.

"Uku ne, na ƙirga!" in ji na bayansa.

Wasu suka fara ja, wasu suka hana. Sai wani ya daka tsawa: "A tsaya!" Hannun Barau ya tsaya da kansa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, kowa na magana, ba mai kallonsa. Sai da ya lura mesar ta kwanta lakaf, sannan ya gane masu igiya ake nufi. Ya koma zuga har fatar na ƙara. Tsawon yaya ya tsaya? Numfashi biyar? Ashirin? Bai sani ba.

Gide aka fara fitowa da shi, kai na lilo. Da aka jawo Malam, fuskar robar na rataye a wuyansa, leɓunansa sun yi toka-toka. Bai tsaya hutawa ba, ya rarrafa, ya kifa Gide, ya hau bayansa yana dannawa yana saki.

"Haba Malam, gawa ce fa!" in ji Harisu cikin kuka.

"Matsa."

Ya yi ta dannawa har mutane suka fara kawar da kai. Sai Gide ya yi wata irin shaƙuwa, ya kece da amai. Kabbara ta tashi har cikin rumfunan kasuwa.

Da ƙafarsa Malam ya koma gida. Kwana biyu bai fito masallaci ba. Ranar Alhamis da hantsi matarsa, Goggo Larai, ta yi wa Barau iso. Ya same shi jingine da buhun gero, don ba ya iya kwanciya, ƙirjinsa na kuka.

Barau ya tsuguna ya ce, "Malam, ran nan na tsaya da zuga. Kun ji a ƙasa?"

Malam ya dube shi kamar daga nesa. "Saura mutum biyu a rami lamba huɗu. Ka gaya wa Obiyora kada ya kunna ashana."

"Barau ne, Malam. Fuskar nan, don mi kuka cire ta?"

"Gilashin ya yi gumi," in ji shi. Ya yi tari mai tsawo. "Shi ma yana so." Ya lumshe ido.

Barau bai gane ba, ko Gide ya sa wa fuskar, ko wani ne can Inugu. Ya buɗe baki zai sake tambaya, Goggo ta girgiza masa kai.

Bayan azahar Malam ya cika. A maƙabarta wasu na cewa masu rijiya ne suka karɓi fansa, wasu na cewa tarin kwal ne dama ya ci ƙirjin. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Duk wanda ya yi magana, Barau ya gyaɗa masa kai.

Ran sadakar bakwai, Barau na dawowa daga sayen gawayi ta hanyar Ƙanƙara, ya hangi hayaƙi a gonar marigayin. Gide ne shi kaɗai yake shara, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya tara kara, ya tsaya ya dogara da manjagara ya numfasa, sannan ya matsa kunya ta gaba.