Yatsan Nomcebo

Saura daƙiƙa ashirin Nomcebo ta cika minti uku, fuskarta a cikin ruwa, jikinta na yawo a sama. Minti ukun nan su ne za su shigar da ita ƙungiyar hokin ƙarƙashin ruwa ta Durban, abin da ta shekara biyu tana nema.

Yayarta Khethiwe na tsaye a gefenta, ruwa iya ƙugu. Ita ce mai tsaronta yau, don a wannan harka ba a riƙe numfashi ba mai tsaro. Ƙa'idar ba wuya: mai tsaro ya taɓa kafaɗarka, ka ɗaga yatsa ɗaya, alamar kana cikin hayyacinka.

Khethiwe ta taɓa, yatsa ya ɗagu. Alfahari ya cika ta. Yarinyar da a da ko wanka sai an yi kokawa da ita!

Sai yatsan ya sake ɗaguwa. Ba wanda ya taɓa ta.

Khethiwe ta ƙura wa yatsan ido. Shekararta goma sha ɗaya a ruwa, ta san wannan yatsan. Hannu ne ke aikinsa, mai hannun ta fara suma.

"Saura shida!" in ji koci Mthunzi daga bakin ruwa, idonsa a kan agogo. Sauran 'yan wasa suka ɗauki ihu.

Shida ɗin me? Khethiwe ta birkito ta, ta tallafe haɓarta, ta fizge gilashin ninƙaya da ke idonta. Leɓunan sun yi duhu. Ta hura mata iska a fuska.

"Nomcebo! Ja numfashi, 'yar Mama. Ja!"

Shiru. Can sai tari, sai wani dogon numfashi mai ƙara.

Da idonta ya washe, agogo ta fara tambaya. Mthunzi ya gaya mata: biyu da hamsin da huɗu. Babu gurbi bana.

"Yaya, kin kashe ni!" Ta ture hannun yayarta tana kuka. "Daƙiƙa shida! Lafiyata ƙalau, wallahi daɗi ma nake ji!"

"Na sani. Daɗin ne ya ba ni tsoro." Khethiwe ba ta sassauta murya ba. "Gaya min, wa ya cire miki gilashi?"

Nomcebo ta shafa fuskarta. Ta dubi gilashin a hannun yayarta. Ba ta tuna komai ba.

Sauran 'yan wasa suka zuba musu ido. Khethiwe kuwa ko a jikinta. Ta ci kofuna, amma ba ta taɓa jin ta isa kamar yau ba. Su yi ta jin haushinta, ita dai da ƙanwarta za ta koma gida.

A ɗakin sauya kaya Nomcebo ta sa kayanta. Sai da ta ɗaure takalmi ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Baɗi ma ke za ki tsaya min. Ban yarda da kowa ba."