Ankwa Ɗaya, Mata Biyu

"Ankwa ɗaya ta rage, sai ku raba," in ji Madam Mbewe, mai tsaron fursunoni mata. Ta haɗa hannun Esinati da na Tiyamike ta datse, ta jefa makullin a jaka.

Wata bakwai ke nan tabarminsu na jere a gidan yari, bargo ɗaya suke ja, kullum da faɗa a kansa. Da naƙuda ta kama Tiyamike, asibiti kuma ba ya karɓar mai haihuwa sai da mai jinya, aka ce Esinati ta bi ta. Ta ɗauko zani biyu da reza da zare.

Da hantsi suka isa. Madam ta dubi cikin, ta taɓe baki. "Haihuwar fari ce, sai yamma. Bari in leƙa kasuwa, yau kifin tafki ya iso."

"Madam, makullin fa?" in ji Esinati.

"In bar wa ɓarauniya makulli? Esinati ke nan."

Ko awa ba a yi ba jini ya ɓalle. Likita ya ce tiyata, yanzu-yanzu. Aka tura gadon, Esinati na gudu a gefe, sai a bakin ƙofa aka tare su: ba a shiga ɗakin nan mutum biyu. Aka ce a nemo zarto, mai gadi ya ce ankwa kayan gwamnati ce, shi ba da shi ba. Aka aika kasuwa neman Madam, kasuwa kuwa ba tsakar gida ba ce.

Esinati ta shafa sabulu, ta yi ta ja har fata ta saɓule. Tsoro ya cika ta. "Ku yanke nawa hannun," ta ce, kuma har zuciyarta take nufi.

"Yaya, daina ja, kina ji mini ciwo," in ji Tiyamike, murya can ƙasa. "Yau dai bargon naki ne ke kaɗai."

Daga ita har abin da ke cikinta, ba wanda ya kai azahar.

Sai la'asar Madam ta dawo tana ƙarnin kifi. Ta tsaya, ta dubi gadon. "Ke da aka kawo jinya, me kika tsinana?"

Ta lalubo makullin a ƙarƙashin ƙunshin kifi, ta zare ankwar daga hannun gawar, ta datse ta a ɗaya hannun Esinati. Ƙarfen da sauran ɗuminsa.