Ruwan Sanyi Ga Kifin Lawwali

A shekarun da kuɗin fetur ya fara malalowa Arewa, soja na kan mulki, kusan kowane gida a Tudun Wada ya samu abin nuna wa baƙo. Wani rediyo mai kaset, wani babur, wani fanka. Gidan marigayi Malam Siddiƙu abu biyu ya samu: firiji, da wani akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye na yawo a ciki. Duka Lawwali ne ya kawo su, ɗan farin gidan, wanda ya dawo daga karatun injiniya a Ingila ya kama aikin gwamnati.

Kifayen ba na miya ba ne. Jajaye ne kamar garwashi, babbansu bai wuce tsawon yatsa ba, wutsiyarsu na jan ruwa kamar mayafi. A gefe akwai ɗan inji mai hura musu iska, yana gunaguni dare da rana. Matan unguwa sun yi ta sallama don su gani, kowacce kuma sai ta tambayi yaushe za su isa tukunya.

Uwarsa, Inna Sadiyatu, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Haka ta taso ta tarar: uwa ba ta ambaton ɗan fari, ba ta sakar masa fuska. Kakarsa ce ta goye shi. In ya zama dole ta yi maganarsa, sai ta ce "wancan". Kafin ya tafi Turai ya san wannan kamar yadda ya san hanyar masallaci. Da ya dawo sai ya zama kamar ya manta. Yakan gaishe ta ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran wata kalma, ita kuwa ta duƙufa kan tasbaharta har ya gaji ya juya. Wata rana ta ji yana ce wa ƙanwarsa, "Ni har yau ban san ko Inna ta yi murnar dawowata ba." Ta ji sarai. Ta haɗiye.

Da bazara ta kama aka tura shi kwas Ikko. Ana gobe zai tafi ya sa aka ɗauko akwatin aka ajiye a ɗakinta, har da wasu sababbin kifaye biyu da ya sayo a Kano. Ya nuna gwangwanin abincinsu, ya ce, "Inna, ga amana."

Tun da aka haife shi bai taɓa roƙonta komai ba sai ranar. Ta ci gaba da jan tasbaharta. Amma yana fita ta jawo tabarmarta kusa da gilashin.

Wanda bai san bazarar Sakkwato ba, bai san zafi ba. Da azahar ta dafa gilashin ta ji shi ɗumi kamar ruwan wankan jego. Ranta ya ɓaci. A garin nan ko maƙiyinka ya yi sallama, ruwan randa kake fara miƙa masa, balle baƙin da suka ƙetaro ƙasashe. Ta fara zuba musu na randa. Da ta ga ba ya daɗewa yake komawa ɗumi, sai ta buɗe firijin da ba ta taɓa kusanta ba, ta ɓamɓaro ƙanƙara ta jefa musu. Kifayen suka yi ta zabura, ta ɗauka murna ce. Kullum rana ta take, sai ta ƙara.

Ba a jima ba ta ga ɗigo fari a wutsiyar ɗaya daga cikin sababbin. Kashegari sun zama da yawa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Sannan suka bayyana a jikin sauran. Suka daina rububin abinci, suka tattare fikafikansu, suna goga jiki da duwatsun ƙasa kamar mai ƙaiƙayi. Inna ta ga zamanin agana da idonta, ta san abin da ƙuraje ke yi in sun shiga gida. Abin da ya fi tsaya mata shi ne abin da wancan zai ce a ransa in ya dawo ya tarar da ruwa ba kifi: ko kallonsu ba ta yi ba.

Ta yafa mayafi ta leƙa gidan da ke jikin nasu. Malama Rahila ke haya a nan da mijinta, mutanen Filato ne, ita tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Shekara da shekaru suna musayar kwano, na salla ya tafi, na Kirsimeti ya dawo.

"Malama, taho ki gane min kihin ga. Agana ta kama su."

Rahila ta zo da allin makaranta a hannun rigarta, ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a ruwan, ta cire da sauri.

"Inna, wannan sanyin fa? Ruwan nan ya fi na randa."

"Ƙanƙara ni ka ba su. Wanga zahi, ko jaki ya nemi inuwa."

Rahila ta zauna daɓas, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke da kika ce ruwan firiji na kama miki haƙori!"

"Ni 'yar gari ta. Su baƙi na. Bar dariya, ɗiyar ga, gaya min mi yas same su."

Rahila ta share ido. Ta ce ba agana ba ce, wata 'yar ƙwaya ce da ido ba ya gani, takan shige ƙarƙashin fatar kifi ta zauna, kowane ɗigo ɗakinta ne. Mai yiwuwa sababbin nan ne suka zo da ita daga Kano. Lafiyayyen kifi yakan iya da ita. Amma a dafa shi da safe a daskarar da shi da rana, kullum, dole jiki ya saki.

Inna ta ce, "Ashe ni ta."

"Ke da mutanen Kano, ku raba. Yanzu dai ƙanƙara ta ƙare. Zafin nan da kike guje musu shi ne rabin maganin, yana sa ƙwayar ta yi saurin barin jikinsu. Injin iskar nan kada ya tsaya. Sauran rabin kuma gishiri."

"Gishiri? Tun suna da rai za a soma yi musu miya?"

"Kaɗan-kaɗan, a narkar da shi a kofi tukuna. Kuma ki ji wannan da kyau, Inna. Za ki wayi gari ki ga ɗigon sun ɓace. Kada ki ce an warke. Ƙasa suka sauka cikin duwatsu su hayayyafa, a nan gishirin ke samunsu. Sai na ce a daina."

Haka aka yi. Inna takan tari ruwa a bokiti ya kwana a ɗakin, don ɗuminsa ya zo daidai da na akwatin. Rahila in ta taso makaranta ta biyo da 'yar tiyo, su zuƙe dattin ƙasa, su rage tsohon ruwa su ƙara sabo. Mafi wuya ga Inna shi ne azahar. Ta dafa gilashin ta ji ɗumi, ta dubi firijin, ta mai da hannunta kan tasbaha.

Biyu ba su kai ba, ɗaya sabo da wani ɗan ƙarami. Ta tona gindin dalbejiya ta rufe su don kada kyanwa ta samu. Sauran suka washe. Jansu ya dawo, suka koma rububi. Rahila ta sa aka ci gaba da gishirin har Inna ta fara zargin mugunta ce kawai irin ta malaman makaranta.

Ranar da Lawwali ya dawo, da la'asar, Rahila ce ya fara cin karo da ita a tsakar gida, tiyo a hannunta. Inna na ciki, tana jin su ta bayan labule.

"Injiniya, maraba da mutanen Ikko. Kifinka biyu sun riga mu gidan gaskiya."

"Haba! Ba a ba su abinci ba ne?"

"Abinci? Gata ne ya yi musu yawa. Inna ta ga zafi zai taɓa mata kifin ɗanta, ta dinga ɗura musu ƙanƙara kullum rana tsaka."

"Inna? Ita ta buɗe firijin da kanta?"

"Har da fasa ƙanƙara da muciya. Tun da suka kwanta kuwa, ko gidan suna ba ta je ba."

Inna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutuwar kifin ba ta kai mata wannan tonon asirin ba. Ta juya baya ga ƙofa, ta sa wa gilashin ido.

Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya shigo ya zauna a gefen tabarma, shi ma ya fuskanci kifayen. Rahila ta tsaya riƙe da labule.

"Malama," in ji Inna, "gaya ma mai kihi biyu sun mutu hannuna."

Lawwali ya buɗe baki zai amsa mata kai tsaye, sai ya fasa. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Malama," ya ce, "a gaya wa mai jinya na gani. A ce mata nan zan bar su, in ba za su takura ta ba."

"Ce mashi ba a ƙwanƙwasa musu gilas. In shina son ganinsu shi zo bayan la'asar, lokacin su ka cin abinci."

"Ni fa ba tafinta ba ce," in ji Rahila. "Ga ku ga juna, ko taku biyu babu."

Ba wanda ya kula ta. Inna ta ɗebi abincin kifin da yatsu biyu ta barbaɗa, suka taso sama gaba ɗaya.

"Tambaye shi kuma," ta ce, "can Ikko ba su dahuwa na? Kihin ga da sunka tashi daga ciwo sun hi shi kumari."